Ƙofar da Aka Auna da Saniya

Jiya a bakin kasuwar Bakori na ji ɗayanku, ina jin Ɗanladi ne don shi ne mai babbar murya, yana cewa gini ba sana'a ba ce, ƙasa ce da ruwa, kowa ma ya iya. Wai kafin wata kasuwar zai tayar da ɗakin ubansa da ya faɗi. Ban tanka ba, don bakina cike yake da goro. To yau da kuka zo aron dagi da igiya, sai ku zauna tukuna. Kayan aikina ba sa fita gidan nan sai da magana a bayansu. Wanda ya ƙagu yana iya zuwa ya tona harsashi da farcensa.

Wurin kawuna na koyi gini, ƙanen mahaifiyata, mutumin da ya yi soraye a Maska da Malumfashi waɗanda har yau ake kwana cikinsu. Na je masa ina tsammanin washegari zan hau katanga. Rani ya wuce, wani ya zo ya wuce, ni dai ina cikin kwaɓi ina taka ƙasa har ƙafafuna suka yi ja kamar na sa lalle. A nan na san ba kowace ƙasa ce ta gini ba. Jar ƙasa mai ɗan tsakuwa ake haƙowa, a jiƙa, a zuba yankakkiyar ciyawa da kashin doki ko na shanu, a taka, a rufe, a bar ta ta kwana har ta yi tsami, a sake takawa. Kawu ba ya taɓa kwaɓi da hannu. Ƙafa ɗaya zai tsoma ya zare. In ƙasar ta bi diddigensa ba ta saki ba, sai ya ce a fara mulmula tubali. In ta saki, ko kallona ba zai yi ba, zai koma inuwa ya zauna, ni kuma na san abin da ya rage mini.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ne yake ruɗar ku. Dagi na tona harsashi, fartanya, igiya da turke na zagaya ɗaki, tulu, mangala da jakinta, tsani, sai gizago na sassaƙar azara. Sauran duka hannu ne da ido. Magini yana zaune bisa katanga kamar mai hawan doki, ana jefo masa tubali daga ƙasa yana caɓewa, yana jerawa gindi ƙasa tsini sama, yana maka ƙasa a tsakani. Katanga kuwa ƙasanta kauri, tana hawa tana sirancewa, kuma sahu ba ya hawa kan sahu sai na ƙasa ya bushe. Wannan jiran shi ne rabin sana'ar, shi ne kuma abin da mai gida ba ya so ya ji.

Wani falken goro a Malumfashi ya taɓa sa ni na yi masa soro. Kullum yana tsaye a kaina yana tambayar yaushe za a kai zanko, tsinin adon nan na saman soro, don na maƙwabcinsa yana tsone masa ido. Na ce a fara gyara indararo, don ta nan ruwan rufi zai sauka. Ya ce indararo wa ke kallonsa? Na ce ruwa. Masu gida haka suke, abin da za a gani daga hanya shi suke so, ruwa da gara kuwa ta inda ba a kallo suke shiga. Don haka kai Ɗanladi, kafin ka taɓa ɗakin ubanka, duba gindin bangon da ya rage, duba ko akwai shuri kusa, duba inda ruwan tsakar gida yake kwanciya. In za ka yi yaɓe, kankare tsohon bango ka jiƙa shi, in ba haka ba sabuwar ƙasar za ta zauna a kai har ruwan farko, sannan ta sauka gaba ɗaya. Bangon gabas kuma a ninka masa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa ke nan, don daga can hadari yake zuwa.

Duk wannan ana iya koya wa mutum. Abin da ya fi wuya shi ne sanin wa ake gina wa ɗakin, kuma wannan a shekarar ciwon shanu na gama saninsa.

Kuna yara lokacin, amma kun ji warin. Shanu suka riƙa faɗuwa a garke, a mashaya, a kan hanya, har ungulu ta ƙoshi ta daina sauka. Mutane suna cewa masifar Fulani ce, ba su san ta kowa ba ce. Mahauci ya rasa abin yanka, majemi ya rasa fata, manomi ya rasa taki, mai fura ta rasa nono. Wanda bai san abin da zai ci ba kuwa ba ya kiran magini. Ni da nake zaɓen aiki, na koma yawo da dagi a kafaɗa gari-gari ina liƙe wa mutane tsaga don ƙwaryar dawa. Haka yawon ya kai ni wata unguwa a gefen Ƙarfi, rani ya ja, bazara ta fara leƙowa.

A bayan unguwar na ga wani abu da ban san sunansa ba. Bango ne dai, zagayayye, amma ya karkace ya tsage ta ko'ina, baƙar lakar fadama aka yi shi da ita, aka ɗora gaba ɗaya ɗanya bisa ɗanya. Ta yamma an bar wata ƙofa wadda jaki da mangalarsa zai shige bai goga ba. Na tsaya na yi dariya sosai. Sai wani dogon Bafillace ya fito daga cikin ginin, hannuwansa duk laka, ya gaishe ni. Shi bai yi dariya ba, sai na ji tawa ta koma ciki.

Sunansa Sambo. Garkensa duka ya ƙare, saura maraƙa ɗaya wadda uwarta ta mutu ta bari. Matarsa ta tafi da yara wurin danginta inda ake da ɗan abin ci. Mai unguwa ya ba shi fili ya ce ya zauna ya koyi noma. Daga shi sai mahaifiyarsa, Inna Daso. Ya nuna mini ita da haɓa. Tana zaune bakin wata bukka ta kara da ganye wadda rana take shiga ta ko'ina, ramammiyar tsohuwa, tana tari irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, tana wanke ƙoren nono tana kifewa a jere, alhali babu abin tatsa. Maraƙar tana ɗaure kusa da ita. Wule take kiranta, don farin da ke goshinta.

Sambo ya ce da suna daji, kafin damina matan ruga suke haɗuwa su yi sabuwar bukka, ga wuta, ga nono mai ɗumi, ga shanu kewaye suna tare iska. Yanzu babu ko ɗaya. Ya ce in ruwan bana ya sami Inna a cikin waccan bukkar da wannan tarin, ba za ta ga kaka ba. Shi ya sa ya duba yadda ɗakunan unguwa suke, ya ce bari shi ma ya yi.

Na ce masa gaskiya, wannan bangon ko ba ruwa, akuya ta jingina zai faɗi. Ya ce in nuna masa, ƙarfi yana da shi. Ban tambaye shi lada ba, shi ma bai ɗauko maganar ba. Abin da aka samu dai muna ci tare. Muka ture ginin, na kai shi inda jar ƙasa take, na sa shi kwaɓi. Ƙafar makiyayi ta san tafiya amma ba ta san taka ƙasa ba, sai ya riƙa ɗaga ta sama kamar mai tsoron ƙaya, ina yi masa tsiya. Ruwa kuwa daga yashin rafi yake tonowa ya ɗauko a tulu, safe da yamma, bai taɓa cewa ya gaji ba. Abin da ya fi ba shi wahala jira. Duk sahun da muka ɗora, washegari zan tarar da shi yana danna shi da yatsa yana kallon gabas.

Ranar da na kafa turke na zagaya da igiya, na zo ƙofa, na auna ta yadda kowane magini yake aunawa, faɗin kafaɗar mutum da ɗan ƙari. Ta yamma ya so ta, na ce wannan ka yi daidai, ruwa ba zai doke ta ba. Amma sai ya tsuguna ya share zanena, ya buɗe hannuwa ya zana tasa, irin ta farko. Na ce ɗaki muke yi ko garke? Na yi masa bayani: zagayayyen ɗaki ƙarfinsa a zagayensa yake, in ka yanke masa babban baki ka raunana shi, nauyin jinka zai buɗe shi. Ga sanyi zai shiga, ga tsohuwa mai tari. Kuma sai an yi dokin ƙofa mai tsayi don ruwan waje. Ya ce su a wurinsu ƙofa ita ce inda saniya za ta wuce ƙahonta bai taɓa ba, bai san wani awo ba, dokin ƙofa kuwa tuntuɓe ne ga dabba. Na ce ina saniyar? Raina ya ɓaci, har na fara naɗe igiyata.

Sai ya matso, ya yi ƙasa da murya don kada tsohuwar ta ji.

"Baba, Inna tana kallo. In na yi ƙofar da saniya ba ta shiga, ta san na ce mata shanu sun ƙare ke nan har abada. Ba zan iya faɗa mata haka ba, ko da baki ko da ƙasa."

Na ji tausayinsa ƙwarai. Na warware igiyar na ce to, sai mu nemo abin da zai riƙe bakin.

Azara ce maganin, tsagin giginya, wadda gara ba ta ci. A wannan shekarar ba mai saran giginya, amma akwai kangon wani mahauci da ya tashi ya bar garin, soronsa ya rufta. Na roƙi mai unguwa, ya ce mu ɗauka. Ku riƙe wannan: in tsohon gini ya faɗi, kada ku raina abin da ke ciki. Tsohuwar azara ta fi sabuwa, don ta riga ta gama lanƙwasar da za ta yi, tsohuwar ƙasar bango kuma in an farfasa an sake jiƙawa ta fi ta kududdufi daɗin aiki. Na sassaƙe azarorin da gizago, muka kauraro bango ta gefen ƙofa dama da hagu, muka gitta su a sama, bakinsu ya shige bango sosai. Maimakon dokin ƙofa, na cika cikin ɗakin ya ɗara waje tsayi, na yi masa gangare mai sauƙi, na huda rariya ta baya. Da kawuna ya ga wannan ƙofar, da ya ce ba shi ya koya mini ba.

Duk wannan aikin Inna Daso ba ta taɓa matsowa ba. Da bango ya kai kafaɗa, na je na gaishe ta, na ce ta zo ta ga ɗakinta. Ta dube ni ta dubi ginin.

"Kaɗo, ƙasa a dama, ƙasa a hagu, ƙasa a baya. Irin wannan ɗaki na san shi. Sau ɗaya ake shigarsa, kuma ɗauke mutum ake yi a kai shi."

Na ce sama ai ciyawa ce, irin tasu. Ta ce in bari a zo ɗaukarta tukuna. Ta koma kan ƙorenta.

Muka ɗaure jinka a ƙasa, muka baibaye ta da ciyawar shuci, na bar mata baki ya zarce bango don ruwa ya zuba nesa da gindi. Mazan unguwa suka taru aka ɗaga aka ɗora. Matan unguwa suka zo da madaɓansu suka yi daɓe suna waƙa suna yayyafa makuba, har ƙasan ya yi santsi. Suka je su jawo Inna Daso ko hannu ta sa, kamar yadda ake yi wa mai ɗaki, ta juya musu baya. Sambo ya kwashe ƙorenta ya jera a ciki, ta aike shi ya dawo da su. Ya roƙa, ya sa limamin unguwa ya yi mata magana, ta yi kememe. Ɗaki ya gamu, ya bushe, ba kowa ciki. Tarin kuwa kullum ƙaruwa yake. Sambo ya daina danna bango, ya koma kallon gabas kawai.

Ranar da ruwan ya zo ina nan, na tsaya ƙara wa bangon gabas makuba. Sambo yana gona can nesa yana fama da fartanya. Bayan la'asar hadari ya taso baƙi ƙirin, iska ta riga shi isowa, ta ɗauki rabin bukkar ta watsa cikin fili. Ruwa ya sauko da ƙarfi. Na tsaya bakin ɗaki ina kiran Inna ta shigo don Allah, ko gezau. Ta zauna cikin abin da ya rage na bukkar, ta ja zane ta rufe kai, ruwa yana bin bayanta. Ba ni da ikon ɗaukar uwar wani, kuma na san in na taɓa ta abin zai fi haka muni.

Sai maraƙar ta fara kuka. Ba ta da uwa, ba ta da garken da za ta shige tsakiya, ga ta ramammiya, tana tsaye a turke tana rawar ɗari. Tsohuwar da na yi ta kira ba ta motsa ba, sai ga ta ta miƙe. Ta kwance igiya, ta duba bukka, babu. Ta duba gindin wata 'yar bishiya, babu. Ta ja Wule har bakin ɗakin, na kauce, ta tura ta ciki, ita kuma ta tsaya waje riƙe da igiya, ruwan bakin jinka yana zuba mata a wuya. Maraƙar ta juyo ta fito. Ta sake turawa, ta sake fitowa ta manne a jikinta. Ta yi mata faɗa da Fillanci, ba ta ji ba. Suka tsaya haka, ni ina gefe na kama bakina, don na san kalma ɗaya daga gare ni za ta ɓata komai.

Can ta ɗora tafin hannu a bayan maraƙar, suka hau gangaren tare, kafaɗa da kafaɗa. Ƙofar ta ɗauke su su biyu ba wanda ya goga bango. Da tawa ƙofar ce, sai ɗaya ta shiga ta bar ɗaya, kuma na san wadda za a bari a waje.

Na kwaso sauran karan bukkar da bai jiƙe ba na hura musu wuta, na rataya zana a bakin ƙofa. Sambo ya iso a guje, ya ga bukka a ƙasa, ba Inna ba maraƙa, ya tsaya cik kamar an dasa shi. Na nuna masa hayaƙin da ke fita ta jinka. Ya daɗe tsaye cikin ruwan yana kallo, ni kuma na sami abin yi a bangon baya.

Da ruwa ya ɗauke na leƙa in yi sallama. Tana zaune kusa da wuta tana goge wa maraƙar jiki da gefen zanenta. Ba ta ɗago ba ta ce:

"Kada ka tahi kana cewa na shiga ɗakinku. Rakiya na yi."

Na ce na ji, Inna.

Rakiyar nan ta kai ta kaka, ta kai ta wani ranin. Tarin bai rabu da ita ba, amma ya sauka. Matar Sambo ta dawo da yara, shi da kansa ya gina musu nasu ɗakin, sahu-sahu, yana jira, ban sa masa hannu ba. In mutane suka tambayi Inna Daso ina take kwana, sai ta ce ita baƙuwa ce a ɗakin Wule. Ba ta taɓa yarda a yi wa ginin komai da sunanta ba, ko yaɓen shekara sai Sambo ya ce don maraƙar ake yi. In hadari ya taso kuwa, ko Wule ta zama karsana, ko ta zama saniya har ta haihu, sai ta shigar da ita.

To ku ɗauki dagin da igiyar, ku dawo mini da su a wanke. Amma kafin ka kafa turke, Ɗanladi, je ka zauna da ubanka ka ji ta ina yake so ya riƙa fita da safe, da abin da yake so ya gani in ya fito. Ƙasa da ruwa ne, gaskiyarka, sai dai mutum ne zai kwana ciki.

Ni kuma ba zan raka ku ba, don ina da aiki. Shekaranjiya Sambo ya zo har nan da ƙafa, yana ta murmushi. Wai ƙahon Wule ya buɗe har ya fara kankarar bango dama da hagu. Ya ce shi ya so ya gyara da kansa, Inna ta hana, ta ce ya je Bakori ya kira mata Kaɗon nan mai faɗa, ya zo ya faɗaɗa mata ƙofar ɗakinta. Na sa ya maimaita, ya ce wallahi haka ta ce, ɗakinta. Miƙo mini gizagon nan in wasa shi, gobe da safe Ƙarfi za ni.